Maganin ciwon daji, cizon kaska da tsokar nama: yadda aka feɗe cetuximab a ɗakin gwaje-gwaje

A watan Fabrairun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da wani sabon maganin ciwon dajin babban hanji mai suna cetuximab, wanda ake sayarwa da sunan Erbitux. Ta jijiya ake ba da shi, kamar ƙarin ruwa. A karon farko ana lissafa wa majiyyaci miligiram 400 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa, a bar ruwan yana ɗiga har awa biyu. Gwajin da aka yi kafin a fito da shi ya nuna kusan mutum 3 cikin 100 ne jikinsu zai yi masa mummunan bore, kuma likitocin ciwon daji sun saba da kasada irin wannan.

Sai ga wani labari daban daga kudu maso gabashin ƙasar. A asibitocin jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa, ana ɗaura ruwan, cikin 'yan mintuna sai fuskar majiyyaci ta yi jajir, borin jini ya feso masa, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi ƙasa, ma'aikatan jinya su rufu a kansa da allurar adirenalin. A 2007 Bert O'Neil da abokan aikinsa suka tattara alƙaluman yankin, suka samu mutum 22 cikin 100 ne abin ya yi wa tsanani. A arewa maso gabashin ƙasar kuwa, magani ɗaya, kamfani ɗaya, da ƙyar ake ganin haka.

Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne lokacin da abin ke faruwa. A ƙa'ida jiki ba ya yi wa abu irin wannan bore sai ya taɓa haɗuwa da shi, ya yi masa tanadi. Waɗannan bayin Allah kuwa ranar ce rana ta farko da maganin ya taɓa shiga jininsu. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani abu a jikin maganin da jininsu ya riga ya sani tun daga wani wuri.

Furotin mai jela ta sukari

Cetuximab furotin ne babba, irin wanda jiki ke ƙerawa don garkuwa, wato antibodi. Siffarsa kamar gwafa: hannu biyu a sama da masana ke kira Fab, su ne ke cafke abin da aka aike su kamawa, sai kara ɗaya a ƙasa mai suna Fc. Nauyinsa a ma'aunin ƙwayoyin sinadari ya kai dalton 150,000. Ba a haɗa shi a tukunyar sinadarai kamar farasitamol. Ƙwayoyin halitta masu rai ake kiwo a manyan tankuna su riƙa fitar da shi, kuma na cetuximab ƙwayoyin ɓera ne da ake kira SP2/0.

Ƙwayar halitta ba ta sakin furotin irin wannan tsirara. Kafin ya fita sai ta liƙa masa 'yan rassan sukari a wasu wurare, kowane reshe jeren sukari kusan goma ne, masu suna irin su manos da galaktos da fukos. Furotin da ke ɗauke da waɗannan rassa shi ake kira gilaikofurotin, kuma majina da farin ƙwai da yawancin furotin da ke yawo a jini duk dangin nan ne. Ga inda gizo ke saƙar: jerin furotin ɗin kansa a rubuce yake cikin ƙwayar gado, duk inda aka ƙera shi iri ɗaya zai fito, amma rassan sukarin ba su da rubutaccen tsari. Kowace dabba da irin kitson da take yi wa nata. Ɓera zai yi kitson ɓera ko da furotin ɗin na mutum aka ba shi.

Yawancin magungunan antibodi wuri ɗaya suke da sukari, a kan karan Fc, kuma a ɓoye yake tsakanin sarƙoƙi biyu. Cetuximab yana da wuri na biyu, a kan kowane hannu na Fab, a fili inda komai zai iya taɓa shi.

Feɗewar

Mutum ba ya ganin waɗannan abubuwa da madubin likita. Hanyar sanin abin da ke jikinsu ita ce a yanka su gaɓa-gaɓa, a auna kowane yanki, kuma wuƙaƙen aikin su ne inzayim, wato sinadaran da ke narkar da abu. Kowace wuƙa da gaɓar da take ci, ba ta taɓa wata. Ni dai a wurina nan ne daɗin wannan ilimi yake, domin aiki ne irin na mahaucin da ya san inda zai sa wuƙa ƙashi ya rabu ba tare da sara ba.

Wuƙar farko ta gida ce. Fafayin daga ƙaron ɗanyar gwanda ake samun sa, shi ne dalilin da ya sa uwar gida ke jefa ɗanyar gwanda a tukunyar nama mai tauri. A 1959 Rodney Porter a Ingila ya nuna cewa fafayin yana raba antibodi gida uku, hannu biyu da kara ɗaya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1972. Fefsin, wanda ke cikin ruwan tumbinmu, yana yanka ƙasa kaɗan da nan, ya bar hannayen biyu a haɗe, ya ragargaza karan. Da waɗannan biyun ana iya tambayar kowane yanki shi kaɗai: kai ne jinin majiyyaci ke kamawa ko ba kai ba?

Wuƙa ta gaba sunanta PNGase F, daga wata ƙwayar bakteriya ake samun ta. Ita furotin ba ruwanta da shi, aikinta ta datse reshen sukarin daga gindi, ɗungurungum, a daidai inda ya manne. Har shaida take bari: wurin da ta cire reshen nauyinsa yana ƙaruwa da kusan dalton ɗaya, 0.984, ta haka mai bincike ke gane inda sukarin ya zauna. Daga nan sai a tattara rassan, a liƙa musu wani sinadari mai ƙyalli don a iya bin sawunsu, a sa su a na'urar awon nauyi.

Sai dai na'urar nan tana da makanta guda. Galaktos da manos da gulukos duk nauyinsu ɗaya ne a cikin reshe, 162. Na'ura za ta ce maka akwai sukari mai nauyin 162 a ƙarshen reshe, amma ba za ta faɗa maka wane ne ba, balle yadda aka ɗaura shi. Ɗaurin kuma iri biyu ne, alfa da beta, bambancinsu kamar na hannun dama da na hagu, kuma a idon garkuwar jiki wannan bambanci shi ne komai. Don haka sai a koma ga ƙananan wuƙaƙe masu gutsurar sukari ɗaya-ɗaya daga bakin reshe, a bi da su a jere.

Ga yadda abin ke kasancewa a kan tebur. A reshen sukari na ɗan Adam, bayan an cire sukarin da ke can ƙarshe, galaktos mai ɗaurin beta ne ke biye. Ka zuba inzayim mai cin beta, ka bar kwalbar a ɗumi ta kwana, ka auna da safe, nauyin ya ragu. Amma idan ka zuba shi reshen ya ƙi motsi, to wani abu ya yi masa hula. Sai ka ɗauko alfa-galaktosidas, wanda ake tatsa daga ɗanyen 'ya'yan kofi, ka zuba. Ka sake aunawa, ka ga 162 ya fita, ko 324 idan rassa biyu ne ke da hular. Yanzu ka mayar da mai cin beta, sai ya ci. Ka tabbatar ke nan akwai galaktos mai ɗaurin alfa zaune a kan galaktos mai ɗaurin beta.

Aiki irin wannan masanan kamfanin ImClone, wanda ya fito da maganin, suka yi, Jun Qian da Qinwei Zhou da abokansu, suka buga shi a 2007. Sun ƙirga rassan sukari iri 21 a jikin cetuximab, kuma kusan kashi 30 cikin 100 nasu na sanye da wannan hula. Sunanta galaktos-alfa-1,3-galaktos, a taƙaice alfa-gal.

Alfa-gal ba baƙo ba ne ga masana. Tun 1984 Uri Galili ya nuna cewa jinin kowane mutum cike yake da antibodi masu yaƙar sa. Shanu, tumaki, awaki, raƙuma, aladu, ɓeraye, kusan duk dabba mai shayarwa tana da shi a jikinta. Ɗan Adam da biran Afirka da Asiya ba su da shi, domin inzayim ɗin da ke ɗaura shi ba ya aiki a jikinsu. Kaji da zabi da kifi su ma ba su da shi. Amma antibodin da Galili ya gani ba su ne masu kawo borin jini ba. Mai wannan aikin wani ne daban da ake kira IgE, kuma kusan kowa a lokacin ya ɗauka cewa IgE mai kama sukari ba ya kwantar da mutum. Wannan zato ya daɗe a littattafai.

Christine Chung ta Jami'ar Vanderbilt da ke Nashbil da Thomas Platts-Mills na Jami'ar Bajiniya ne, tare da wasu, suka rushe shi a mujallar New England Journal of Medicine a watan Maris na 2008. Sa'ar da suka ci ita ce akwai jinin majiyyata da aka ɗiba aka ajiye tun kafin a ba su maganin. Cikin mutum 76, 25 sun yi bore, kuma 17 daga cikinsu an samu IgE mai kama cetuximab a jinin nan na farko. Cikin 51 da ba abin da ya same su, mutum ɗaya tak ke da shi. Da aka gwada yankunan maganin, hannayen Fab ne IgE ɗin ke mannewa. Hujjar da ta rufe bakin kowa kuwa ita ce wani cetuximab da aka ƙera a ƙwayoyin hamsta, wata 'yar dabba mai kama da ɓera, ƙwayoyin da ake kira CHO, waɗanda ba su cika sa hular alfa-gal ba: furotin ɗaya sak, kitso daban, kuma IgE ɗin ya ƙi kama shi.

Suka kuma auna mutanen da ba su taɓa ganin maganin ba. A Tenesi 15 cikin 72 na ɗauke da wannan IgE. A arewacin Kalifoniya 3 cikin 49. A Boston 2 cikin 341.

Kaska

Saura a san wanda ya koya wa jinin mutanen Tenesi wannan gaba. An zargi tsutsar ciki, an zargi ƙwayoyin naman gwari, duk ba su ɓulle ba. Daga baya aka lura taswirar jihohin da abin ya yi ƙamari ta yi daidai da ta wani zazzaɓi da kaska ke yaɗawa, kuma ta yi daidai da mazaunin wata kaska mai farin ɗigo a baya, Amblyomma americanum. Platts-Mills kansa ƙananan kaska sun yi masa rubdugu a yawon daji a 2007, ya riƙa auna jininsa yana ganin IgE ɗin na hawa, bayan 'yan watanni ya ci naman rago ya farka cikin dare da borin jini. A can Sidni ta Ostireliya ma, likita Sheryl van Nunen ta riga ta lura cewa majiyyatanta da nama ke tayar wa hankali kusan dukkansu kaska ta taɓa cizon su.

A 2009 Scott Commins da Platts-Mills suka bayyana mutum 24 masu wannan IgE da ke yin bore bayan cin naman sa ko rago ko alade. A 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce an samu fiye da mutum 110,000 da gwaji ya nuna suna da shi tsakanin 2010 da 2022, ta kuma ƙiyasta adadin gaskiya zai iya kaiwa 450,000.

Me ya sa nama ke jinkiri?

Nan tambayar ta dawo kan narkewa, amma a wannan karon narkewar cikin ciki. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, kafin ya gama taunawa leɓensa ya fara kumbura. Mai alfa-gal kuwa zai ci nama da magariba, ya yi hira, ya kwanta, sai tsakar dare abin ya tashe shi. A 2014 Commins ya ciyar da mutum 12 nama a gaban likita, 10 suka yi bore, tsakanin awa 3 zuwa 7 bayan ci. Sukari ɗaya ne da na cetuximab, wanda ke aiki cikin mintuna idan ta jijiya ya shiga. To ina yake tsayawa a hanya?

Don amsa irin wannan ake kwaikwayon ciki a kwalba. Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne wanda gamayyar masana ta INFOGEST ta fitar a 2014. Ana niƙa abincin a gauraya da ruwa mai kama da yawu na minti 2. Sai a ƙara tsami a zuba fefsin, a riƙa jujjuyawa awa 2 a zafin jiki, digiri 37, wannan shi ne tumbi. Sai a kashe tsamin, a zuba ruwan maɗaciya da inzayim na gaɓar fankiriyas, har da tirifsin mai yanka furotin, a ƙara awa 2, wannan shi ne ƙaramin hanji. A kowane zango ana ɗibar ɗan kaɗan a tsayar da narkewar, a duba abin da ya saura.

Abu na farko da ya fito fili shi ne hular nan ba ta mutuwa da sauƙi. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin, ƙarƙashin Marianne van Hage, sun nuna cewa dafawa da soyawa ba sa kawar da alfa-gal daga naman sa. Wuta tana lalata siffar furotin, amma sukari biyu da ke ɗaure da juna ba su da wata siffa da za ta warware. A 2017 suka ɗauki wani furotin na saniya mai yawan alfa-gal, daga ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, suka sa masa fefsin. Furotin ɗin ya daddatse, amma gutsattsarin da ke ɗauke da sukarin sun tsira har ƙarshen zangon tumbi, kuma IgE na majiyyata na kama su. Ba abin mamaki ba ne idan aka duba: fefsin da tirifsin furotin suke yanka, reshen sukari kuma yana tare musu hanya a kusa da gindinsa, sannan hanjin ɗan Adam ba ya fitar da inzayim mai kwance galaktos mai ɗaurin alfa. Rashin wannan inzayim ɗin ne ma ke sa wake kumbura ciki, domin sukarinsa yana wucewa har babban hanji bai narke ba, bakteriya su yi biki a kansa.

Amma tsira a cikin hanji daban, tsallake bangon hanji a shiga jini daban. A 2019 Patricia Román-Carrasco da Ines Swoboda a birnin Biyana na Ostiriya suka raba naman sa gida biyu, furotin gefe guda, kitse gefe guda, domin alfa-gal yana zama a kan wasu nau'o'in kitse ma. Suka narkar da kowanne a kwalba, suka zuba shi a kan shimfiɗar ƙwayoyin hanji da ake kira Caco-2, waɗanda aka shuka a kan wata 'yar matata, suka duba abin da ya ɓulla ta ƙasa. Alfa-gal na kan kitse ya tsallake, kuma ya iya tayar da ƙwayoyin jinin majiyyata. Na kan furotin bai tsallake ba.

Wannan ya dace da jinkirin ƙwarai. Kitse ba ya shiga jini kai tsaye kamar sukarin shayi. Ƙwayoyin hanji suna ƙunshe shi cikin 'yan ƙullaye, su tura shi ta hanyar ruwan limf, wani ruwa da ke yawo a jiki ta nasa hanyoyin daban da na jini, ya hau ƙirji a hankali, ya zubo cikin jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin wuya na hagu. Tafiyar tana ɗaukar awanni, daidai lokacin da majiyyata ke farkawa. Kuma sun daɗe suna faɗa wa likitoci cewa nama mai maiƙo ya fi tsoka zalla tayar musu da hankali.

Duk da haka ban yarda a rufe littafin a nan ba. Caco-2 ƙwayoyin ciwon daji ne da aka samo daga majiyyaci ɗaya, shimfiɗa ɗaya ce tal, babu majinar hanji a kanta, babu bakteriya, babu motsin ciki. A 2022 rukunin Christiane Hilger a Lukzambag ya nuna cewa a cikin nama alfa-gal ɗin da ke kan furotin ya fi na kan kitse yawa nesa ba kusa ba, kuma dukkansu biyu suna tayar da ƙwayoyin jinin majiyyata. Ƙodar alade, wadda ke cike da shi, an san tana kawo bore da wuri fiye da tsoka. Giya, motsa jiki bayan ci, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen duk suna iya ƙara wa abin wuta. A Afirka ta Kudu kuma, a ƙauyukan Mqanduli na lardin Gabashin Kef, Tshegofatso Mabelane da Michael Levin na Jami'ar Kef Tawun sun tabbatar da ciwon a jikin mutum 84 ta hanyar ciyar da su nama, suka ga da yawansu abin ya taso musu kafin awa biyu ta cika, wasu ma ciwon ciki kawai suke yi ba tare da ko ɗigon bori a fata ba. Hanyar kitse tana bayyana babban ɓangare na jinkirin, ba ta bayyana kowane majiyyaci ba.

Wani abin lura daga Afirka shi ne samun IgE ɗin a jini ba ya nufin mutum na da ciwon. A wani ƙauye na Kenya an same shi a jinin fiye da rabin yaran da aka auna, alhali suna cin namansu lafiya. Saboda haka takardar gwaji ita kaɗai ba dalilin raba mutum da nama ba ce.

Mu da ke ƙasar kiwo da fawa abin ya shafe mu ta fuskar tambayar da likita ke yi. Kaskar da ke manne wa shanunmu tana jawo musu kirci, Amblyomma variegatum, dangi ɗaya ce da ta Amurka, kuma makiyayi da mahauci da manomi kullum suna cikin cizonta. A ce magidanci ya ci tsire da ƙoda da kitse bayan isha'i, ƙarfe biyun dare ya tashi da ƙaiƙayi da murɗar ciki. Shi da iyalinsa za su ce sanyi ne ko shawara, ba wanda zai tuna da mai suya, domin an daɗe da cinyewa kuma shekara talatin yana cin nama ba abin da ya same shi. Tambaya biyu ce za ta buɗe hanya, kuma ba ta cin ko kwabo: me ka ci da dare, kuma kaska ta cije ka kwanan nan? Idan numfashi ya fara sarƙewa kuwa, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jiran gari ya waye.

Shi kuwa cetuximab har yau ana ba da shi, ga masu ciwon dajin hanji da na kai da wuya, kuma har yau a ƙwayoyin ɓera ake ƙera Erbitux, da hularsa a kan hannayen Fab. Abin da ya canza shi ne takardar da ke cikin kwalinsa. Yanzu tana gargaɗin likita cewa haɗarin mummunan bore na iya ƙaruwa ga wanda kaska ta taɓa cizo, ko wanda jan nama ba ya karɓa, ko wanda aka samu IgE mai kama alfa-gal a jininsa.